Aikin Bayan Labule Ma Sana'a Ne

'Yan'uwana mata, a 2016 Gwamnatin Tarayya ta fasa gina ƙauyen fim a Kofa, ƙasar Bebeji, bayan malamai sun ƙi amincewa. Damuwarsu kan tarbiyya abin dubawa ce, amma fa an yi asarar wurin koyon aiki. Ɗinkin kayan wasa da haɗa fitilu ba a allo ake iya su ba, sai hannu ya taɓa. Jami'ar Ahmadu Bello ta gane haka tun shekarun 1970, har ɗalibanta suka riƙa kai wasa ƙauyukan Zariya.

To, mu nan Bici, idan makaranta ta shirya wasa, ki bar 'yarki ta riƙe almakashi a bayan labule, malama na lura da ita. Wadda ta ɗinka rigar sarkin wasa yau, gobe ita za ta ɗinka kayan sallah, a biya ta.