A Koya wa Samarinmu Ilmin Yarjejeniya Mai Cika Kanta da Hausa

Kwanan baya muna rangadin makarantu a ƙasar Malumfashi, sai wani saurayin malami, wanda bai fi shekara biyu da fita kwalejin horon malamai ba, ya tare mu bayan an tashi, ya ce yana so mu ga abin da ya ke koyo da dare. Ya buɗe kwamfutarsa, ya nuna mana wani rubutu mai layi kamar ashirin, ya ce wannan ita ce yarjejeniya mai cika kanta, ya koya daga darasin da wani Bature ya ke bayarwa ta intanet. Ya taɓa, abin kuwa ya yi aiki. Muka yaba masa. Sa'an nan muka ɗora yatsa bisa layi na bakwai, muka ce ya faɗa mana da Hausa abin da layin nan ya ke yi. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce shi dai haka ya ga an rubuta. Ba mu ga laifinsa ba, gama yaro ne mai himma. Amma mun gane tsohuwar cutar nan da muka daɗe muna fama da ita cikin aji, watau hadda ba da fahimta ba.

Kafin mu yi nisa, bari mu bayyana abin, don da yawa cikin malamai da akawuna masu karanta jaridar nan ba su taɓa jin labarinsa ba. Kowa ya san adashi. A ce mata goma sun shirya kowacce ta riƙa zuba naira 5,000 ran kasuwa, uwar adashi ta tara, ta miƙa wa wadda kwasa ta zo kanta. Duk abin ya rataya ne a wuyan uwar adashi. To, yarjejeniya mai cika kanta ita ce a rubuta sharuɗɗan nan da harshen da kwamfuta ta ke ji, a ajiye su cikin wani kundi na tarayya wanda dubban kwamfutoci a ƙasashe dabam dabam su ke riƙe da kofensa, shi ne a ke kira bulokcen. In zubi ya cika, kuɗin ya tafi wurin mai rabo da kansa, ba wanda zai tsare shi, ba kuwa wanda zai kankare abin da aka rubuta.

Wani masani na Amurka, Nick Szabo, shi ya fara kawo shawarar nan wajen 1994. Ba ta kankama sosai ba sai a 2015, sa'ad da Vitalik Buterin da abokansa suka buɗe kundin Ethereum. Harshen da aka fi rubuta yarjejeniyar da shi sunansa Solidity. Gwamnatin Tarayya ma ba ta yi barci ba. A watan Mayu 2023 ta amince da manufar ƙasa a kan bulokcen, cikin shekarar kuma ta buɗe shirin 3MTT na horar da mutum miliyan 3 sana'o'in kwamfuta. Ashe ilmin ya iso ƙofarmu. Abin da ya rage shi ne da wane harshe za mu tarye shi.

A nan ya kamata mu dubi masu jin Sifaniyanci, waɗanda suka kusa miliyan 500, yawancinsu a Amurka ta Kudu da Meksiko. Su ma sun tarad da ilmin nan cikin Turanci, talakansu kuwa bai fi namu jin Turanci ba. Ba su tsaya jiran kowa ya iya ba. Wani mutumin Kolambiya, Freddy Vega, da abokinsa suka kafa makarantar intanet mai suna Platzi, inda a ke koyar da rubutun kwamfuta tun daga baƙi da Sifaniyanci. Kalmomin umurni na harshen kwamfuta sun bar su yadda su ke, don ba su da yawa, ba a kuma sāke su. Bayani da misali da tambaya da amsa, duk da harshen gida. Ga abin da ƙasashen nan suka kai: OpenZeppelin, kamfanin da masu rubuta yarjejeniya a duniya su ke aron tubalansa, mutanen Ajantina suka kafa shi, a watan Oktoba 2022 kuma babban taron masanan Ethereum a Bogota aka yi shi, babban birnin Kolambiya.

Mu kuwa wannan hanya ba baƙuwarmu ba ce. Abubakar Imam da Dokta East sun rubuta Ikon Allah, suka bayyana ilmin halitta da Hausa har yaron elemantare ya gane. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 da Hausa aka yi shi. Sa'ad da aka kafa Shirin Raya Noma na Funtua a 1975 da taimakon Bankin Duniya, malaman gona ba da Turanci suka koya wa manoman Bakori da Malumfashi da Faskari sa takin zamani da shuka sabon irin masara ba. Harshen da ya ɗauki waɗannan ba zai kasa ɗaukar layi ashirin na kwamfuta ba.

Dalilin da ya sa muka nace a kan fahimta shi ne, a sana'ar nan kuskure ba ya gyaruwa da sauƙi. A watan Yuni 2016 wata babbar yarjejeniya mai suna The DAO ta yi asarar kuɗin da ya kai kimanin dala miliyan 50. Akawuna za su fi kowa gane yadda aka yi. Masu rubutun sun sa ta biya mai neman kuɗinsa tukuna, sa'an nan ta rage a littafi. Wani mai wayo ya lura, ya riƙa komowa yana karɓa tun ba a kai ga ragewa ba, littafi kuwa yana ta nuna kuɗinsa na nan. Layi biyu ne kurum aka sa na gaba a baya. Rigimar da ta biyo sai da ta raba kundin Ethereum gida biyu. In ƙwararru sun yi wannan, ina ga yaron da ya kwafa bai san ma'ana ba?

Har wa yau, malamin kirki zai faɗa wa almajirinsa abin da yarjejeniyar nan ba ta iyawa. Ba ta da ido. In ɗan kasuwa ya ba manomin Dandume kuɗi da damina bisa sharaɗin buhu goma na masara da kaka, ita ba ta ganin buhu, ba ta san ko an cika shi ko an sa tsakuwa ba. Tilas wani ya auna ya gaya mata, in ya yi ƙarya ta biya bisa ƙarya. Haka auduga a gidan gurza, sai mai duba daraja ya duba. Ko a adashin da muka kawo misali, ba ta iya tilasta wa wadda ta riga ta kwasa ta ci gaba da zubi. Inda ta fi amfani shi ne wurin da ma'auni ba ya hannun mai biya ko mai karɓa. A Kenya a 2021 ACRE Africa da Etherisc sun gwada inshorar amfanin gona ta wannan hanya, inda lissafin ruwan sama shi ke sa a biya manomi in an yi fari. Manomin Kafur da ya taɓa shuka sau biyu a shekara guda ya san darajar wannan.

Akwai kuma maganar mazambata. Jama'a ba su manta da MMM ba, wadda ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, ga kuma CBEX da ta rushe a Afrilu 2025. Irin waɗannan da kalmomin Turanci masu nauyi su ke farauta, wanda bai gane ba ya ji kunyar tambaya, ya zuba kuɗin takinsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Dokar zuba jari da Shugaban Ƙasa ya sa wa hannu a Maris 2025 ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin hukumar kula da hannun jari, ta kuma haramta irin wannan zamba. Amma doka sai bayan ɓarna ta ke isowa ƙauye. Saurayi guda a unguwa wanda zai iya karanta yarjejeniya ya fassara wa dattawa, ya fi tsare dukiyarsu.

Mun san za a ce mana Turanci ne harshen jarrabawa da neman aiki. Gaskiya ne, ba mu kuwa ce a bar shi ba. A 2022 Gwamnati ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar an koma Turanci. Wannan shari'ar aji ce. Mu maganarmu ta samari da 'yan mata ce waɗanda suka gama sakandare, da malamai masu karatun dare. Wanda ya gane da Hausa, Turancin sana'ar ba ya yi masa wuya daga baya, don ya riga ya san abin da kalmar ta ke nufi. Za a ce kuma wuta ba ta tsayawa, intanet da tsada, wasu garuruwan ma rashin tsaro ya hana su sakat. Wannan ma haka ne. Shi ya sa darasin ya kamata ya zama gajere, wanda za a sauke a Funtua ran kasuwa a tafi da shi gida.

Ga shawararmu. Da fari, malaman Hausa da na lissafi da na kwamfuta a kwalejojin horon malamai na Katsina da Dutsin-ma su zauna su daidaita kalmomin sana'ar, kada kowa ya ƙaga nasa. Na biyu, a tsara darussa daki daki, a fara da lissafi da rubutun kwamfuta na yau da kullum kafin a taɓa Solidity, misalai kuwa su zama na adashi da awo da la'adar dillali. Na uku, kada a bar ɗalibi ya sa ko kwabo na gaske. Akwai Remix, wurin rubutu na kyauta a intanet, akwai kuma kundin gwaji mai suna Sepolia, wanda kuɗinsa ba su da daraja, a yi ta kuskure a can. Na huɗu, kada a ce ɗalibi ya ci jarrabawa sai ya tsaya gaban wanda bai yi boko ba ya bayyana kowane layi da Hausa. Na biyar, abin da ya shafi halal da haram cikin irin wannan ciniki a kai shi gaban malamai, bayan an fassara musu yadda abin ya ke aiki filla filla.

Saurayin malamin nan mun bar masa aiki. Mun ce ya rubuta ma'anar layukansa ashirin da Hausa cikin littafin rubutu, kafin mu komo rangadi. Muna roƙon kowane shugaban makaranta da kowane akawu da ya san irinsa a garinsu ya ba shi wannan aikin, ya kuma aiko da abin da ya rubuta ofishin ilmi. Daga nan littafin farko zai fito, in Allah ya yarda.