INGILISHI A KWALEJI: A BI DA SHI TA HAUSA!

Ƴan'uwa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, ku saurara!

Yaronmu na shiga kwaleji ake fara masa Ingilishi. Shekara huɗu yana fama da shi. To, ku miƙa masa takardar kaya daga Kano ko Katsina, ku ga ido ya raina fata! Tilas uban ya biya wani a Jibiya ya karanta masa.

Laifin yaron ne? Ko kusa! In kalma ta gagare shi, da Faransanci ake fassara masa ita, harshen da shi ma bai gama zama a bakinsa ba. Baƙo ke yi wa baƙo jagora, ɗan gari na zaune!

Wasu na cewa ai Ingilishi ma harshen masu mulkin mallaka ne. Mun sani. Faransa da Ingila suka yanka iyaka tsakanin Maraɗi da Katsina, ba su shawarci kowa ba. Amma takardun banki da na kwastan a tsallaken iyakar nan da Ingilishi ake rubuta su. Mai noma ba ya tambayar asalin maƙerin hauyarsa.

A 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci na aiki ne. Saboda haka muna neman abu biyu: malami ya yi bayani da harshen da yaran suka sha a nono, a kuma buga littattafan Ingilishi da Hausa.

Kowane reshe ya kai maganar nan taron iyayen yara!