Raddi Ga Masu Cewa Binciken Matsanancin Sanyi Ɓarnar Kuɗi Ne

Wasu masu sharhi sun dage cewa binciken halin da abubuwa ke shiga idan an sanyaya su zuwa kusan ƙarshen sanyi, wato digiri 273 ƙasa da sifiri, wasan masu ƙoshi ne. Bari mu bi hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya.

Sun ce ba ya amfanar kowa. To, a 1911 a Leiden ta ƙasar Holan, Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba da ruwan hiliyam zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifiri, sai ya ga lantarki na ratsa ta ba wata turjiya. Shi kansa bai san dalili ba, sai a 1957 Bardeen da Cooper da Schrieffer suka warware. Yau mafi yawan na'urorin MRI, maganaɗisunsu waya ce mai wannan hali, jiƙe cikin ruwan hiliyam. Duk wanda aka taɓa ɗauka wa hoton ƙwaƙwalwa da irinsu ya ci moriyar Onnes, ko ya sani ko bai sani ba.

Sun ce ilimin kwantom, wanda ke bayyana irin waɗannan halaye, lissafin takarda ne kawai. Ai Einstein, bisa aikin Bose, ya hango a 1924 zuwa 1925 cewa a tsananin sanyi wasu ƙwayoyin zarra za su tattaru cikin hali guda. A 1995 Cornell da Wieman suka tabbatar da shi a Kolorado ta Amurka. Shekara 70 ke nan, amma lissafin bai yi ƙarya ba.

Hujjarsu mai ɗan nauyi ita ce ta uku: wai fagen cike yake da kuri. Suna kafa shaida da LK-99, sinadarin da wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka ce a 2023 yana ɗaukar lantarki ba turjiya ba tare da sanyaya ba. Gaskiya ne, da'awar ta rushe. Amma wa ya rusa ta? Masanan fagen ne, cikin 'yan makonni, suka sake gwajin suka nuna cewa gurɓacewar sinadarin ce ta ruɗi masu shi. Fagen da ke tona asirin kuskurensa da kansa haka, ina dalilin zarginsa da yaudara?

Saboda haka biyu daga hujjojin nan sun faɗi warwas, ta ukun kuma shaida ce a kan masu ita.