Wasiƙa Daga Daura: Diyyar Bauta Da Rabon Talaka

Yau ina so in taɓa maganar diyyar bauta. A 1993 aka yi babban taro a Abuja, da ƙoƙarin Marigayi Abiola, aka nemi Turawa su biya baƙar fata hakkin kakanninsu da aka kwashe zuwa ƙetare. A 2025 kuma Tarayyar Afirka ta mai da wannan magana taken shekara. Ni ina bayan wannan nema ƙwarai. Amma ina da shawara bisa dabarar neman, in ta yi muku ku karɓa.

Ku fara duban yadda aka saba yi. A 1833 Majalisar Ingila ta yi dokar 'yanta bayi, ta fid da fam miliyan 20. Wa aka ba? Iyayengiji. Bawa ko anini bai gani ba. A Amurka, a 1865, aka yi wa waɗansu 'yantattu alkawarin gona eka 40, shekarar ba ta ƙare ba aka karɓe aka mayar wa masu ita na dā. Nan gida kuwa, dokar Gwamna Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne. Babba fa sai ya yi ta murgu, ya tara kuɗi, ya fanshi kansa gaban alƙali. Sai a 1936 aka soke bautar duka. Watau wanda aka ci guminsa shi ya biya, ya fita hannu wofi.

Mu mutanen Daura muna da abin lura a tarihinmu. A 1805 Malam Isiyaku ya ci garin da tutar Shehu, Sarki Gwari Abdu ya fita, Haɓe suka kafa sarautunsu a Zango da Ɓaure. Bayan shekara kamar ɗari Turawa suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka sa shi gadon kakanninsa, ɗansa Abdurrahman ya riƙe shi tun 1911 har 1966. Ban kawo wannan don in fama tsohon miki ba, gama Haɓe da Fulani sun riga sun zama dangi. Nufina ku gani, daɗewa ba ta kashe hakki. To, gidan sarauta ya sami nasa. Waɗanda suka nome gandayen manya fa, wa ya tuna da su?

Cuta biyu ta ragu gare su, raini da talauci. Har yanzu akwai inda saurayi zai je neman aure, a tone asalinsa, a ce bacucane ne, a hana shi. Wanda kuma kakansa bai bar gona ba, sai aro ko ƙodago. In an warkar da ɗaya aka bar ɗaya, an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Wani zai ce, to, a ba jikokin bayi kuɗi su kaɗai. Inda aka san wanda aka cuta, wannan daidai ne. A 2008 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa Gwamnatin Nijar ta biya Hadijatu Mani jaka 10,000, watau sefa miliyan 10, don an bautad da ita hukuma ba ta tsare ta ba. Amma a ƙasar Daura wa zai miƙe cikin taro ya ce shi jikan bawa ne? Sa'an nan talakan da ya ke ɗa tun asali, shi ma cikinsa da yunwa, zai ce ni fa? Nan jama'a za ta rabu, sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga. Don haka ne Martin Luther King ya tashi tara matalautan Amurka, baƙi da fari, a 1968, kamar yadda NEPU ta kira talakawa da suna guda tun 1950.

Ga shawarata, kashi uku. Na farko, a nemi abin da ya ke kaiwa ga mara shi ko ɗan wane ne, a Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Ɓaure: makaranta, da rijiya, da rabon filin noman rani a madatsun Sabke da Daberam, a fara da wanda bai gaji gona ba. Na biyu, limamai da malaman makaranta su yi ta faɗa, gorin asali ba na Musulunci ba ne, gama Bilal 'yantacce ne, shi ne kuwa ladanin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Na uku, in diyya ta zo daga ƙetare, a buga lissafinta kowa ya gani, kada ta sāke komawa aljihun manya kamar ta 1833.

Wanda ya share gidansa, shi ke da bakin cewa maƙwabci ya share nasa. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba mu ikon yin adalci. Haza wassalam.