Ciwon wuya: Me ya sa matasan ƙasar Sin suka koma ga atisayen kakanni?

A da, tsofaffi ne aka saba gani da sassafe a wuraren shaƙatawa na biranen ƙasar Sin suna ɗaga hannuwa sama a hankali, suna waiwayawa dama da hagu. Yanzu ma'aikatan ofis da ɗalibai sun bi sahu, suna koyo ta bidiyo a wayoyinsu. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kai su shi ne ciwon wuya da kafaɗu, sakamakon doguwar zama gaban kwamfuta da sunkuyar da kai kan waya.

Matsalar ba ta Sin kaɗai ba ce. Wani nazari da mujallar Lancet Rheumatology ta wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 203 ne ke fama da ciwon wuya a duniya a shekarar 2020, kuma adadin na iya kaiwa miliyan 269 nan da 2050. Nauyin kan baligi ya kai kimanin kilo biyar. Idan aka sunkuyar da shi gaba na tsawon sa'o'i, tsokokin bayan wuya ne ke ɗaukar wahalar.

Atisaye mai dogon tarihi

Wanda ya fi shahara shi ne Baduanjin, mai motsi takwas, wanda ake danganta asalinsa da zamanin daular Song (960 zuwa 1279). Ana kammala shi cikin kusan minti 12, a tsaye, ba tare da wani kayan aiki ba. Motsi na farko ɗaga hannuwa ne sama da kai, na biyu kamar jan baka, na huɗu kuma juya kai a hankali kamar mai duba bayansa. Akwai kuma Wuqinxi, da ake jingina wa tsohon likita Hua Tuo, inda ake kwaikwayon motsin dabbobi biyar: damisa, barewa, beyar, biri da tsuntsu. Sai Taici, wanda hukumar UNESCO ta saka cikin jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2020.

Gwamnatin Sin na da hannu dumu-dumu a wannan farfaɗowa. A 2003 hukumar wasannin ƙasar ta fitar da daidaitaccen tsarin Baduanjin da wasu nau'o'i uku domin a riƙa koyar da su iri ɗaya a ko'ina. A Yulin 2017 dokar magungunan gargajiya ta fara aiki. Lokacin annobar korona a 2020 ma, an ga marasa lafiya suna Baduanjin a asibitocin wucin gadi na birnin Wuhan. Ga ƙasar da yawan tsofaffinta ke ƙaruwa, maganin da ba ya buƙatar ƙwaya ko gadon asibiti abin so ne.

Me bincike ya nuna?

A nan ne ake buƙatar taka-tsantsan. Wani gwaji da aka yi a Jamus, wanda mujallar Journal of Pain ta buga a 2016, ya raba mutum 114 masu daɗaɗɗen ciwon wuya gida uku: masu Taici na mako 12, masu atisayen wuya irin na asibiti, da waɗanda aka bari suna jiran layi. Masu Taici sun samu sauƙi fiye da masu jira, amma ba su fi masu atisayen asibiti ba.

Sakamakon na nuna cewa amfanin yana cikin motsa wuya da kafaɗu a hankali, a kai a kai, tare da gyara tsayuwa da daidaita numfashi. Bayanin gargajiya cewa atisayen na buɗe hanyoyin wani kuzari da ake kira "ci" a cikin jiki bai samu tabbaci a kimiyyance ba. Masu bitar binciken da ake yi a Sin sun sha kokawa cewa yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, na gajeren lokaci, kuma babu yadda za a ɓoye wa mai atisaye abin da yake yi, wanda hakan kan sa tsammaninsa ya shafi amsar da yake bayarwa.

Duk da haka, atisayen na da wata fa'ida da ba a raina ta. Masu ciwon wuya da yawa kan daina motsa jikin da aka rubuta musu. Abin da ake yi cikin jama'a, kyauta, cikin minti 12, ya fi sauƙin ɗorewa.

Haɗarin shi ne a ɗauke shi maganin kowane irin ciwon wuya. Likitoci na gargaɗin cewa idan ciwon ya zo da sanyin hannu ko rashin ƙarfinsa, tangaɗi wajen tafiya, zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko kuma ya biyo bayan faɗuwa ko hatsarin mota, asibiti ya kamata a nufa tukuna. Irin waɗannan alamu na iya nufin matsewar jijiya ko laka, ko ma sanƙarau, kuma jinkiri a nan kan jawo nakasa ko asarar rai.