Waiwaye: Boks mai lamba 17

A shekarar 2004 na sayi motata ta farko, Golf 'yar Kwatano, fara. Ta sha duniya, amma injinta lafiya lau. Ta zo da jak da tayar safaya, sai dai babu sifanar kwance taya. Dillali ya ce kada wannan ya dame ni, ko'ina ana samu. Ba a yi mako ba ina cikin cunkoson motoci a Kano, sai wani saurayi ya miƙo mini akwatin roba shuɗi ta taga, ya buɗe shi a gabana. Kayan aiki ne guda 40 jere reras, kowanne a gurbinsa, suna ƙyalli har suna kashe ido. Na tambayi kuɗi, ya faɗa, na taya rabi, ya ce in kawo. Tun daga wannan sallamawar ya kamata in sha jinin jikina. Maimakon haka sai na koma gida ina yi wa maiɗakina alfaharin cewa daga yau mun daina kiran bakanike a kan ƙaramin abu.

Wata uku akwatin yana but ba a taɓa shi ba. Ranar da aka buƙace shi muna hanyar Zariya ne, za mu biki, ga surukata a kujerar baya da yara biyu. Mun wuce Kwanar Dangora kaɗan, rana ta yi ja, tayar baya ta hagu ta sace. Na fita cikin isa, na naɗe hannun riga, na ɗauko boks mai lamba 17, wanda shi ne daidai kan notin tayar Golf. Na kafa, na danna, shiru. Na sa ƙafa na taka, sai na ji ƙas! Boks ya tsage daga baki har gindi kamar ɓawon gyaɗa. Na koma kan sifana mai buɗaɗɗen baki, ita ma 17. Ja biyu na yi bakinta ya wage, ta zame, yatsuna suka daki gefen taya, fata ta saluɓe. Da na haska kan notin, kusurwoyinsa shida sun tafi, ya zama mulmulalle.

Surukata ba ta ce komai ba. Ta leƙo ta taga ta dubi hannuna, ta ce, "Sannu, Malam." Ni dai da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Wani direban bas ne ya cece mu bayan magariba. Ya fito da sifanar taya mai kai huɗu, baƙa ƙirin don tsufa, ya kwance noti uku kafin in gama yi masa bayani. Na huɗun da na lalata ya dube shi ya girgiza kai. Ya ɗauko boks mai lamba 16, ya ɗora a kai, ya yi ta dukansa da guduma har ya shige dole, sannan ya zura dogon ƙarfe ya murɗa. Da zai tafi ya ɗaga tsagaggen boks ɗina ya duba da tocila, ya ce, "Alhaji, wannan ai na wasan yara ne."

Bayan biki na zarce Kaduna wurin kawuna, yayan mahaifiyata. Bakanike ne tun zamanin Fijo 404, kuma yana cikin garejinsa lokacin da aka fara harhaɗa 504 a Kakuri a 1975, motar da ta ci gaba da ciyar da shi shekaru da yawa. Na ba shi labari ina neman a tausaya mini. Bai tausaya ba. Ya jawo akwatinsa na ƙarfe daga ƙarƙashin benci, ya zaro wata sifana mai lamba 13, kowane gefe ya goge saboda hannu, da ɗigon jan fenti a tsakiyarta. Ya ce in kawo tawa 13 ɗin. Ya ɗauki noti sabo ya sa a bakin tasa, ya miƙo mini ya ce in girgiza. Notin ya zauna daram, kamar tare aka ƙera su. Ya mayar da shi bakin tawa. Yana taɓa shi ya fara rawa, ƙwas-ƙwas, har ana hango haske tsakanin noti da ƙarfe.

"Ka ga wannan 'yar rawar?" in ji shi. "Ita ce ta cinye maka noti. Sifanar kirki gefen noti take kamawa. Ta banza kusurwa take kamawa, kusurwa kuwa ba ta da ƙarfi. Ɗana, kai kana ganin ka yi asarar sifana. Sifana nawa take? Notin da ka kashe da daren da kuka kusa kwana a daji fa?"

Wannan magana ce ta zauna mini. Kayan aiki na banza ba su mutuwa su kaɗai, sai sun tafi da abin da aka zo gyarawa. Sukurdireba mai taushin baki yakan cinye kan sukuru, gyaran minti biyu ya koma neman mai injin huda ƙarfe. Filaya mai lauyayyun haƙora takan gurje bututun famfo ta bar shi yana yoyo. Gudumar da ƙotarta ke rawa kuwa, ranar da kanta ya fita ba ka san inda zai sauka ba, ga yara suna wasa a tsakar gida.

Kawu ya juya sifanarsa ya nuna mini rubutun jikinta: Gedore. Kamfanin Jamus ne da wasu 'yan'uwa uku suka kafa a garin Remscheid a 1919, garin da ya yi suna wajen ƙera irin waɗannan kaya. A cikin akwatin akwai Facom na Faransa, waɗanda ya saya don aikin Fijo, da wasu King Dick na Ingila masu lambobin inci, ragowar zamanin Landiroba da Bedford. Na ce masa to ai tawa ma an rubuta mata sunan ƙarfe mai kyau, ga Cr-V nan ɓaro-ɓaro. Ya yi dariya ya ce rubutu ba ya tsada. Gaskiya ne haruffan suna nufin ƙarfen da aka gauraya da sinadaran chromium da vanadium don ya yi ƙarfi da juriya, amma gaurayawar rabin aiki ce. Sai an buga ƙarfen da zafinsa ya ɗauki siffa, sannan a gasa shi a tsoma, a sake ɗumama shi daidai gwargwado, kamar yadda maƙeranmu ke yi wa bakin gatari. In bai gasu ba, ya yi taushi ya wage kamar sifanata. In ya wuce kima, ya yi gautsi ya tsage kamar boks ɗina. Ni na haɗa cutar biyu a akwati ɗaya. Ƙyallin da ya ruɗe ni kuwa shafe ne kawai na sama, amfaninsa hana tsatsa, kuma a kan kayan banza har ɓarewa yake yi ya soki yatsa.

Washegari ya kai ni Fanteka. Ban taɓa ganin cinikin da aka yi da hannu fiye da baki ba irin na ranar. Ya wuce shagunan da suka rataye sababbin kaya a cikin leda, ya tsuguna gaban wani mai tsofaffin kaya 'yan Beljiyam da aka zube a kan buhu. Noti uku ne a aljihunsa, 10 da 13 da 17, kowace sifana ya ɗauka sai ya gwada. Yakan shafa gefenta da babban yatsa ya ji ko akwai kaifi ko gurbin da ba a goge ba. Yakan dubi lambar, in an buga ta ta nutse cikin ƙarfe ya ajiye gefe, in shafa ta aka yi da fenti ya jefar. Filaya kuwa rufe ta yake yi ya ɗaga sama saitin rana, in haske ya ratsa tsakanin haƙoran ya mayar. Ya buɗe ta ya karkaɗa hannayen, wadda ƙusarta ke lilo ba ya ko tayawa. Wata sifana mai babban suna na ɗauko ina murna, ya karɓa ya auna nauyinta a tafin hannu ya ce jabu ce, haruffan ma a karkace suke. Duk sunan da ya yi fice sai an yi jabunsa, don haka suna shaida ce guda ɗaya, ba ta isa a yanke hukunci ba.

Abin da muka taho da shi bai kai guda 15 ba, kuɗinsa kuma ya ninka na akwatina sau uku. Na yi ƙorafi a hanya. Ya tambaye ni, a cikin 40 ɗin nan guda nawa ne suka dace da motata. Na yi shiru. Ashe kusan rabinsu na inci ne, motata kuwa ta milimita ce. Rabin inci milimita 12.7 ne, ya yi kusa da 13 har ido ba ya rabewa, amma noti yana rabewa. Ko a cikin milimitar ma kowa da gidansa. Motocin Turai sun fi cin 10 da 13 da 17 da 19, na Japan kuwa 10 da 12 da 14 da 17. Notin tayar Golf 17 ne, na Honda 19, na Corolla 21. Wanda ya san motarsa ya san abin da zai saya, sauran duk kaya ne a but.

Ya kuma hana ni fara kwance noti mai tauri da buɗaɗɗen baki, domin gefe biyu kaɗai yake riƙewa. A fara da zoben, wanda ke zagaye notin gaba ɗaya, ko boks mai kusurwa shida, in ya saki sai a ƙarasa da bakin. Sifanar nan da ake murza bakinta ya buɗe ko ya tsuke, wadda wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Johansson ya yi wa rajista a farkon shekarun 1890, Kawu ya ce tana da kyau a aikin famfo da gadon ƙarfe, amma kada in kusanci injin mota da ita sai in babu yadda zan yi.

A nan dole in yi wa saurayin nan mai akwati adalci kaɗan. Ba laifin kayansa ne kaɗai ba. Ƙa'idar ɗaurin notin tayar Golf irin tawa 110 Nm ce, wato kamar a rataya kilo 11 a ƙarshen sanda mai tsawon mita guda. Mai facin da ya ɗaura mini tayar kuwa bututu ya zura ya hau kai da ƙafa biyu. Mutum mai kilo 70 a kan bututu mai rabin mita ya ninka ƙa'idar sau uku. Tun daga lokacin, duk wanda ya ɗaura mini taya sai na karɓi sifanata na gwada a gabansa, in ba zan iya kwancewa ba a sassauta a sake. Wasu suna jin haushi. Ba su za su tsaya a Kwanar Dangora ba.

Kayan gida ba su da yawa, kuma a hankali na tara su: guduma mai kunnen cire ƙusa, filaya biyu, sukurdireba mai fale-falen baki da mai sita manya da ƙanana, tef na awo, zarton ƙarfe, sifanar famfo. Inda ban yarda da araha ba ko kaɗan shi ne abin da zai taɓa wuta. Wutarmu 230V ce, kuma robar da aka naɗa wa hannun filaya don daɗin riƙo ba kariya ba ce. Wanda aka yi don aikin lantarki ana buga masa 1000V a jiki, duk da haka sai na kashe wutar gidan kafin in taɓa waya. Testa kuwa don gwada wuta aka yi ta, mu ne muka mayar da ita abin ɗaure sukuru har bakinta ya karye. Akwai kuma wani abu da na daɗe ban gane ba, sai da babur ɗin ƙanena ya koya mini. Sukurun baburan Japan da yawa suna da ɗan ɗigo a kansu, alamar cewa yankansu ya ɗan bambanta da sita na yau da kullum. In ka sa musu sukurdireban da bai dace ba, yana zamewa sama yana cin kan, kai kuma kana zagin sukuru.

Ba kuma komai ne sai na Turai ba. Cizil ɗin da nake fasa siminti da shi wani maƙeri ne ya ƙera mini daga sifirin ɗin tsohuwar mota, shekara goma sha ke nan, wasa baki kawai nake yi masa. Akwai kayan Sin da na Taiwan da na Indiya masu nagarta, na saya na more su, amma su ma ba a sallama su a rabin kuɗi ta tagar mota. Jak ne kaɗai ban yarda da shi ba ko na wace ƙasa ne. Kawu ya taɓa ganin mota ta sauko wa yaron gareji a ƙirji, shi ya sa bai bari a shiga ƙarƙashin mota sai an tokare ta da tsayayyen ƙarfe ko gungumen katako.

Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Aka raba akwatin tsakanin yaran da ya yaye, ni aka ba ni 13 ɗin nan mai jan fenti. Fentin alamarsa ce don kada a haɗa da na wani, domin a gareji sifana ƙafa gare ta, musamman mai lamba 10. Makon jiya maƙwabcina ya aiko ɗansa wai in ara masa sifana 13, zai ɗaure kan batir. Na ce wa yaron ya je ya ce ina zuwa. Na sa takalmi, na zura ta a aljihu, na je na ɗaure masa da kaina, na dawo da abata.