WhatsApp Ba Rumbu Ba Ne

Yau da masu cewa "ai littafina yana zaure, ba inda za shi" nake.

Bari in aro misali daga masana kwamfuta. Manyan rumbunan bayanai, irin waɗanda bankuna ke aiki da su, suna da ƙa'ida: ba a ce maka aiki ya kammala sai an rubuta shi a faifai, inda ko wuta ta ɗauke yana nan. A 2014 kamfanin Microsoft ya ƙara wa manhajarsa ta SQL Server wani zaɓi: na'ura ta ce maka "an gama" alhali bayanin yana ƙwaƙwalwar wucin gadi, sai daga baya a kwashe shi zuwa faifai. Ribar ita ce sauri. Amma in na'urar ta mutu a tsakani, abin da aka ce an gama ya bi ruwa. Kamfanin da kansa ya ja kunne cewa wanda ba zai jure asarar bayani ba kada ya kunna shi.

To mu tuni muka kunna, kuma a kan littattafanmu. Marubuciya ta kwana tana buga babi kai tsaye a WhatsApp, ta tura, ta ga alamar ya tafi, hankalinta ya kwanta. Alamar nan shaidar isar saƙo ce, ba ta ajiya ba. Da zarar saƙo ya isa wayar mai karɓa, WhatsApp ba ya riƙe shi a na'urorinsa. Wayarki ta faɗa ruwa ko a sace ta, sai bin masu karatu kina roƙon babi na 12.

Wani zai ce wayarsa tana tura kwafi Google Drive da kanta. Da wane sabis? A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka shafe watanni a haka. Duk wanda ya yi rubutu a can a lokacin, wayarsa kaɗai ce ma'ajiyarsa. Yaushe rabonka da duba ranar da kwafinka na ƙarshe ya tafi?

Kada a kawo mini uzurin tsadar data. Littafi guda na zallar rubutu bai kai nauyin gajeren bidiyo ɗaya da muke kallo a TikTok ba. Sakaci ne kawai, kuma rigakafi ya fi magani.

Ga ƙa'idata: babi bai kammala ba sai yana wuri uku. Ka rubuta a manhajar rubutu, ka ajiye kwafi a memori ko wata wayar, ka tura wa kanka ta imel, ka buɗe ka gani da idonka. Sannan ka saki a zaure. Masu "a ci gaba" za su jira, amma ba za su sake rubuta maka littafin da ya ɓace ba.